Kabari, fetur da malamar makaranta: abin da ya raba kan masoyan Back to the Future na uku

Akwai wani wuri a farkon fim ɗin da nake ganin duk gardamar daga nan ta samo tushe. Shekarar 1955 ce. Marty McFly da Dokta Emmett Brown sun tono motar nan mai keta zamani daga wani tsohon ramin haƙar ma'adinai inda ta shekara 70 a ɓoye. Suna shirin tafiya sai karen Dokta ya tsaya a gaban wani kabari yana kuka, ya ƙi tasowa. Marty ya je ɗauko shi, ya haska dutsen da ke kan kabarin, sai ga sunan Dokta ɓaro-ɓaro: ya rasu ranar 7 ga Satumba, 1885, an harbe shi ta baya a kan rigimar dala 80. A ƙasa kuma an rubuta cewa masoyiyarsa Clara ce ta kafa dutsen. Mutum yana tsaye da ransa yana karanta kabarinsa, ga kuma sunan wata mace da bai taɓa ji ba.

Daga nan 'yan kallo suka rabu gida biyu, har yau ba su haɗu ba. Wani da ya ga dutsen, tambayar da ta faɗo masa ita ce yadda za a kwance wannan ƙulli: tunda Doktan 1955 ya ga ranar mutuwarsa da idonsa, me ya hana Doktan da ke 1885 ya tuna ya kauce? Wani kuma abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Wace ce Clara? Yaya aka yi tsohon nan da bai san komai ba sai wayoyi da lissafi ya samu mai yi masa kuka a bakin kabari? Mai tambaya ta farko yakan tashi daga kallo yana jin an yi masa ƙwange. Mai ta biyu yakan ce na uku ya fi na biyu nesa ba kusa ba. Ni ina tare da rukuni na biyu, amma na farkon suna da hujjojin da bai kamata a share su ba.

Ga wanda bai kalla ba, ko ya kalla tun zamanin kaset ya manta: fim na farko ya fito a Yulin 1985. Robert Zemeckis ne ya ba da umarni, shi da Bob Gale suka rubuta labarin, Steven Spielberg kuma yana cikin waɗanda suka tsaya masa. Michael J. Fox ne Marty, yaro ɗan shekara 17 a wani garin ƙirƙira mai suna Hill Valley a jihar Kalifoniya. Christopher Lloyd ne Dokta, masanin kimiyyar da ya mayar da motar DeLorean abin tsallaka zamani, bisa sharaɗin sai ta kai gudun mil 88 a awa, wato kusan kilomita 142. A na farko Marty ya faɗa 1955, ya kusa hana iyayensa haɗuwa. A na biyu, wanda ya fito a Nuwamban 1989, an je 2015, an dawo wata gurɓatacciyar 1985, an sake komawa 1955, sannan a ƙarshe tsawa ta faɗa wa motar tana sama ta wurga Dokta 1885. Na uku ya biyo baya a Mayun 1990, wata shida kacal tsakani, domin asali labari ɗaya aka rubuta, da ya yi tsawo aka raba shi biyu, aka kuma ɗauki biyun a jere.

Wannan gajeriyar tazara ta yi wa na uku illa. Na farko ya tara kusan dala miliyan 380 a duniya, na biyu sama da miliyan 330, na uku kuwa kusan miliyan 245. Masu suka sukan ɗaga waɗannan alƙaluma su ce ga shaida, jama'a sun ƙi shi. Amma cinikin kashi na gaba yakan dogara ne a kan yadda mutane suka ji da kashin da ya gabace shi, kuma mutane da yawa sun fito daga na biyu ransu a ɓace. Sun biya kuɗin cikakken fim, aka tsayar musu da labari a tsakiya, aka kuma liƙa tallan na uku a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa sayen fim ɗin Hausa "na ɗaya" ya ga an katse shi a daidai inda ya ɗauko daɗi ya san wannan haushin. Na uku ne ya biya bashin da na biyu ya ci.

Abin lura shi ne masu sharhin fim da 'yan kallo sun saɓa. A shafin Rotten Tomatoes, inda ake tattara hukuncin masu sharhi, na uku ne a saman na biyu. A IMDb, inda jama'a ke ba da maki, na biyu ne a sama. Shekaru ma sun ƙara wa na biyu farin jini, musamman da ranar 21 ga Oktoba, 2015 ta zo, ranar da Marty ya sauka a "nan gaba", duniya ta yi ta auna abin da fim ɗin ya hango da abin da ya tabbata. Na uku ba shi da irin wannan rana, domin shi baya ya kalla.

To mene ne ainihin ƙorafin? Na farko kuma mafi sauƙi shi ne: "Mun zo kallon fim ɗin kimiyya, an ba mu na kaboyi." Wannan magana tana da nauyi idan aka duba lokacin. A 1990 fim ɗin kaboyi ya zama kayan iyaye da kakanni a Amurka. Tun da Heaven's Gate ya karya kamfanin United Artists a 1980, masu kuɗi suka ja baya da irinsa. An ɗan taɓa a 1985 da Silverado da Pale Rider, amma farfaɗowar gaske sai da Dances with Wolves ya fito a Nuwamban 1990, wata shida bayan fim ɗin da muke magana a kai, sannan Unforgiven a 1992. Yaron da aka nuna wa motoci masu tashi da allon shawagi a na biyu, sai aka dawo da shi kan doki da ƙura da kashin dabbobi, dole ya ji an mayar da shi baya.

Sai dai ba daga sama kaboyin ya faɗo ba. A na biyu Dokta ya faɗa da bakinsa cewa zamanin da ya fi so a tarihi shi ne na tsohon Yammacin Amurka, kuma idan ya wargaza motar zai koma nazarin ɗaya babban sirrin duniya, wato mata. A na biyun ne aka nuna tarihin Buford Tannen, kakan mahaifin Biff, mugun nan da ke takura wa gidan su Marty. A nan ne kuma aka ga Biff yana kallon fim ɗin Clint Eastwood na 1964, A Fistful of Dollars, daidai wurin da jarumin ya ɓoye farantin ƙarfe a ƙirjinsa, dabarar da Marty zai ara da murfin murhu. Har rigar da Dokta ya saka a na biyu, mai zanen jiragen ƙasa da mahaya, ita ce ƙyallen da ya rufe fuskarsa da shi a na uku ranar da suka tare jirgi. An shuka komai tun da wuri, mai kallo ne bai san shuka ake yi ba.

Ƙorafi na biyu shi ne maimaici. Marty ya suma, ya farka a ɗaki mai duhu yana zaton mahaifiyarsa ce a kansa. Ya shiga wurin shan abin sha, wani ɗan gidan Tannen ya shigo ya ci masa mutunci, aka bi shi da gudu, daga ƙarshe Tannen ya ƙare cikin taki. Sau uku ke nan. Masu suka suna cewa ƙarewar basira ce. Ni kuwa amshi nake gani, irin na waƙa: ana maimaita shi ne don kunne ya kama abin da ya canza. A na farko da na biyu Marty ya tsere da wayonsa a kan allo mai taya ko mai shawagi. A na uku babu allo, babu kwalta. Aka jefa masa igiya, aka ja shi a ƙasa cikin gari, aka rataye shi a jikin ginin kotun da ba a gama ba, sai Dokta ne ya harbe igiyar daga nesa da wata doguwar bindiga da ya ƙera mata madubi. Wasan ya daina zama wasa. Fox ma ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa na 2002 cewa a wajen ɗaukar wannan wuri igiyar ta shaƙe shi da gaske har ya suma.

Inda gardama ta fi zafi, kuma inda na fi jin daɗinta, shi ne batun fetur.

Marty yana sauka 1885 ranar 2 ga Satumba, bututun mai ya fashe, tanki ya tsiyaye. Na'urar da ke bayan motar, mai mayar da shara wutar lantarki, tana ciyar da sashen keta zamani ne kawai. Injin kuwa sai da fetur. Babu fetur, babu mil 88. Suka gwada jan motar da dawakai, ba su kai ko rabi ba. Suka zuba giya mafi ƙarfi da ke mashayar garin, wani sashen injin ya tarwatse, Dokta ya ce gyaransa sai wata guda, alhali kwana kaɗan suka rage masa a duniya.

Nan masu bin diddigi suke miƙewa. Suna cewa ai motoci biyu ne a 1885: wadda Marty ya zo da ita, da wadda Dokta ya binne a rami don Marty ya tono a 1955. Me ya hana a je a zuƙo man waccan? Amsar da marubutan suka bayar ita ce duk wanda zai ajiye mota shekara 70 sai ya tsiyaye mata mai da sauran ruwaye, kuma kowane makanike zai yarda da haka. Cire wani sashe daga waccan motar kuwa ganganci ne, domin ita ce dai wadda Marty zai hau ya zo. In ka lalata ta ka sare reshen da kake zaune a kai.

Sai su ce to ai akwai man fetur a duniya a 1885. Gaskiya ne. An haƙa rijiyar Edwin Drake a Pennsylvania tun 1859, a Kalifoniya kanta rijiyar Pico Canyon ta fara ba da mai a 1876. Amma kananzir ake nema a lokacin, don fitila. Fetur saura ne da ke fita wajen tacewa, ba shi da kasuwa sosai, ingancinsa kuma bai kai abin da injin 1980 da wani abu zai sha ya yi gudun tsere ba. A wannan shekara ta 1885 ne ma Karl Benz yake haɗa motarsa mai ƙafa uku a Jamus, bai samu takardar mallakar fasaharta ba sai Janairun 1886. Maƙerin ƙauye da ya rage masa kwana biyar ba zai aika a kawo ɗanyen mai ya tace ba.

Duk wannan lissafi yana da daɗi, amma ina ganin ya rufe wa mutane ido daga dalilin da ya sa aka huda bututun. A na biyu motar tana aiki lafiya, shi ya sa labarin ya yi ta tsalle daga shekara zuwa shekara har Dokta ya ɗauko allo da alli yana yi wa Marty, da mu, darasi. Wayo ne ƙwarai, amma babu lokacin zama da kowa. A na uku an ƙwace motar daga hannunsu, an zaunar da su gari ɗaya na kwana biyar, don a ga su wane ne idan babu maɓallin da za su danna. Wanda motar ce ta kawo shi kallo zai ji fim ɗin ya yi sanyi. Wanda mutanen ne suka kawo shi zai ji yanzu aka fara.

Abin da aka gani kuwa shi ne fim ɗin na Dokta ne. Fina-finai biyu ya yi yana gargaɗin Marty: kada ka taɓa komai, kada ka yi magana da kowa, kada ka nemi sanin makomarka. Yana iya faɗin haka cikin sauƙi domin bai taɓa samun abin da dokar za ta raba shi da shi ba. Sai ga Clara Clayton, sabuwar malamar makarantar garin, wadda Mary Steenburgen ta fito a matsayinta.

Labarin Clara ya fi yadda ake zato zurfi, kuma shi ne amsata ga masu cewa babu ƙullin zamani a na uku. Sau uku rayuwarta ta gudana. A asali, da babu Dokta a 1885, babu wanda ya je tarbarta a tasha, ta yi hayar keken doki, maciji ya firgita dawakan, ta faɗa kwazazzabo ta mutu, aka sa wa kwazazzabon sunanta. Marty ya taso yana jin wannan labari a makaranta. A karo na biyu Dokta yana garin, ya yi alkawarin tarbarta, suka haɗu, suka so juna, Buford ya kashe shi, ta kafa dutsen nan. A karo na uku Marty ya zo da hoton kabarin, Dokta ya ƙudura ba zai je tashar ba don kada ma su haɗu, sai ga shi a bakin kwazazzabon yana duba layin dogo a daidai lokacin da dawakanta suka ɓalle, ya cece ta da hannunsa. Gudun da ya yi shi ya kai shi. Ba a zana wannan a allo ba, an bar mai kallo ya haɗa da kansa, kuma a ganina ya fi duk zane-zanen na biyu kyau.

Masu ƙin wannan soyayya suna cewa ta yi sauri, ta kuma rage gudun fim. Saurin na yarda da shi. Amma a dubi abin da ya haɗa su. Daren bikin gari, bayan an watse, suna zaune da madubin hangen nesa tana nuna masa ramukan da ke jikin wata. Ta ba shi labarin yadda ciwo ya kwantar da ita wata uku tana yarinya, mahaifinta ya ajiye mata madubin kusa da gado. Suka gano dukansu masu son littattafan Jules Verne ne. Dokta ya yi suɓul da baka ya ce tun yana yaro ya karanta ɗaya daga ciki, ta ce ai littafin bai daɗe da fitowa ba. Mutum ne da garinsu suka ɗauke shi mahaukaci shekara da shekaru, sai da ya koma baya shekara 100 ya samu wanda yake jin yarensa. Lloyd ya sauke duk ihun da zare idon da aka san shi da su, ya yi magana a hankali. Su biyun sun taɓa haɗuwa a wani fim ɗin kaboyi, Goin' South na 1978, Steenburgen kuma ta taɓa fitowa a matsayin macen da ta so matafiyin zamani a Time After Time na 1979, don haka ba baƙuwar irin wannan rawa ba ce.

Daga nan komai ya juye. Marty ne ya koma mai tuna wa Dokta doka, Dokta ne ya koma yaron da zuciya ke ja. Da ya je yi mata sallama ya gaya mata gaskiya, ta ɗauka raina mata hankali yake yi, ta wanke shi da mari. Ya kwana a mashaya riƙe da ƙaramin kofi ɗaya bai sha ba, yana ba tsofaffin gari labarin zamanin da mutane za su riƙa gudu don nishaɗi kawai, suna yi masa dariya. Tsofaffin nan uku, Pat Buttram da Harry Carey Jr. da Dub Taylor, tsofaffin 'yan wasan kaboyi ne na gaske, an kawo su ne don girmamawa.

Shi ma Marty an ba shi nasa. Tun a na biyu aka ɗora masa wata ɗabi'a, ba ya jure a kira shi matsoraci. Masoya da dama suna ƙorafin cewa babu wannan a na farko, an liƙa masa ne don a samu abin gyarawa, kuma suna da gaskiya. Amma warwarar ta yi kyau. Kakan kakansa Seamus, manomi ɗan ci-rani daga Ayalan wanda Fox ɗin ne ya sake fitowa a matsayinsa, ya ba shi labarin ɗan'uwansa da irin wannan zuciya ta kai shi kabari da wuƙa a ciki. Safiyar Litinin Buford, wanda ya ƙalubalance shi fito-na-fito da bindiga, yana waje yana ƙirga, mashaya ta cika ana zuga shi, hoton kabarin kuma ya fara nuna sunan da Marty ya ara, Clint Eastwood. Ya dubi mutanen ya ce bai damu da abin da za su ce ba. A fim ɗin kaboyi, inda duk darajar namiji take a bakin bindiga, jarumi ya kwance ɗamararsa ya yar. Wannan ne ya cece shi daga baya a 1985, lokacin da ya ƙi tseren motar da zai nakasa masa hannu.

Wata tambayar da ba ta mutuwa: me ya sa Maggie, matar Seamus, take kama da mahaifiyar Marty alhali ta wajen uba take? Dalili na gaskiya shi ne ana son Lea Thompson, wadda ta fito a matsayin mahaifiyar Marty, ta fito a fim ɗin. Marubutan sun ce mazan gidan McFly irin macen da suke so ke nan. Na karɓa, na wuce.

Abin da ban karɓa ba, kuma na ga masoya ba su cika tayar da shi ba, shi ne wace 1885 aka nuna mana. Fim ɗin ya san akwai bambanci tsakanin Yammacin sinima da na gaskiya. Doktan 1955 ya yi wa Marty shigar kaboyin fim, riga mai launi da geza, yana isa aka yi ta yi masa dariya. A gidan Seamus an zuba masa ruwan sha mai launin ƙasa, yana cin naman zomo yana tofar da ƙwayoyin harsashi. Amma gaskiyar ta tsaya ne a kan ruwa da ƙura. Wurin da Marty ya sauka Monument Valley ne, a iyakar Arizona da Utah, ƙasar kabilar Navajo, inda darakta John Ford ya ɗauki fim ɗin Stagecoach na 1939, nesa ƙwarai da Kalifoniya. 'Yan asalin ƙasar sun fito ne na ɗan lokaci, a guje a kan dawakai sojoji na bin su, don kawai a samu dalilin fashewar bututu. Alhali masana tarihi sun ƙiyasta cewa 'yan asalin Kalifoniya sun ragu daga kusan 150,000 zuwa kusan 30,000 tsakanin 1846 da 1873, har gwamnan jihar Gavin Newsom ya nemi gafara a 2019 ya kira abin kisan ƙare dangi. Jirgin da ya ceci jaruman na kamfanin Central Pacific ne, wanda mafi yawan leburorin da suka fasa masa duwatsu har aka haɗe layin a 1869 'yan Sin ne, aka kuma saka musu da dokar hana su shigowa a 1882. Ba su da baki a labarin. Ban ce fim ɗin barkwanci ya zama darasin tarihi ba. Amma fim na farko, da duk wasansa, ya nuna baƙar fata yana shara a gidan abinci a 1955 ana yi masa dariya don ya ce zai zama magajin gari. Na uku bai yi ko wannan ba. Mafarkin Dokta aka ɗauka, mafarkin yaron da ya taso yana kallon kaboyi, kuma kowa ya san abin da irin wannan mafarki yake tsallakewa.

Akwai dai alama ɗaya da ta nuna marubutan sun san zamanin yana ƙarewa. Mutumin da ya zauna kusa da Dokta a mashaya, wanda daga baya Clara ta ji yana ba da labarinsa a jirgi har ta ja birki ta sauka, ɗan tallan waya mai ƙaya ne. Wannan waya, da Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ita ce ta killace filayen kiwo ta kashe rayuwar kaboyi. Shekara biyar bayan 1885 hukumar ƙidayar Amurka ta ce babu sauran bakin iyaka, wato baƙi masu zama sun riga sun bazu a duk faɗin Yammacin.

Inda kusan kowa ya haɗu shi ne jirgin. Dabarar ita ce a sace kan jirgin ƙasa, a tura motar da shi a kan wani reshen dogo da ya ƙare a gadar da ba a gama ba, domin a 1985 gadar tana nan. Direban jirgin ya ce shi dai mil 55 ya taɓa kaiwa. Dokta ya haɗa wasu dunƙulen makamashi uku, kore da rawaya da ja, kowanne in ya kama sai tukunyar tururi ta ƙara haukacewa. An wuce injin iskar da ya zama alamar babu komawa, sai ga ƙarar usur daga baya: Clara ce a ɗakin direba. Dokta yana gaba, taku kaɗan tsakaninsa da motar da zamaninsa, ita tana baya a rataye, rigarta ta maƙale, ƙusoshin tukunya suna fizgewa. Duk lissafin gudun da soyayyar da ake cewa ta ɓata lokaci suka haɗu a wuri ɗaya, mutumin ya juya baya. An ɗauki wannan da jirgi na gaske, Sierra mai lamba 3, wanda aka ƙera a 1891 kuma ya fito a fim ɗin kaboyi High Noon, a yankin Jamestown na Kalifoniya, sai faɗawarsa kwazazzabo da aka yi da ƙaramin samfuri. Nauyin ƙarfen yana isa ga mai kallo, kiɗan Alan Silvestri yana tura shi. Ban san mai son na biyu da ya taɓa raina wannan wuri ba.

Sai ƙarshe, inda ni kaina nake rabuwa da 'yan rukunina. Marty ya iso 1985 shi kaɗai, jirgin kaya ya bi ta kan motar ya yi kaca-kaca da ita, kamar yadda Dokta ya roƙa a yi. Yaro yana tsaye a cikin tarkace, ya tsinci yagaggen hoton abokinsa, ya san babu hanyar komawa. Dokta ya zaɓa, ya kuma biya. Minti kaɗan bayan haka sai ga shi ya ɓullo a wani jirgin ƙasa mai keta zamani da ya ƙera da tururi, da Clara, da 'ya'ya biyu, Jules da Verne, har jirgin ya tashi sama. Masu bin diddigi suna tambayar inda ya samo kayan haɗi a ƙarni na 19, wasu su amsa cewa allon shawagin ya rage a hannunsa. Ni ba kayan haɗin ne suka dame ni ba. An mayar masa da kuɗin da ya biya ne, mutumin da ya yi fim biyu yana cewa na'urar masifa ce ya sake ƙera wata ya zuba iyalinsa a ciki.

Na fahimci dalili. Yara ne rabin masu kallo, ba a so su tashi da kuka, kuma Zemeckis da Gale sun rufe ƙofar da gaske, sun ce babu na huɗu, sun kuma tsaya a kan maganarsu sama da shekara 30. Duk da haka, in na sake kallo, a wurin tarkacen nan nake ɗan tsayar da fim ɗin, inda Marty yake riƙe da yagaggen hoton, kafin ƙararrawar mahaɗar dogo ta fara kaɗawa.